Kafaɗar Hajiya Kulu

Kwanakin baya wasu samari biyu suka tsaya a ƙofar shagona na Tarauni, ɗaya riƙe da waya, ɗaya yana ɓarar gyaɗa. Irin yaran nan ne masu ɗaukar barkwanci suna sakawa a waya. Suka nuna mini wani hoto mai motsi: mutum yana gudu, fuskarsa tsaye cak a tsakiya, gidaje da jama'a suna tangaɗi a bayansa. Mai gyaɗar ya ce in haɗa musu ƙarfen da ake ɗaura wa mutum a jiki a ɗauki irin wannan, kafin Juma'a, tunda fayif biyu ne da bel. Na tambaye su wa zai ɗaura. Suka ce wata yarinya ce a cikinsu. Na ce wa ya auna ta.

"Haba Baba Iliya, sai ka ce ɗinkin Sallah?" in ji mai wayar, suka yi dariya.

Na ce su je su dawo. Da suka tafi na daɗe ina kallon wanda na taɓa haɗawa, yana rataye a bango bayan tulin kurfoti, ya yi tsatsa. Ban iya dogon bayani da baki ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ni ɗan walda ne. Karatuna bai yi nisa ba, daga firamare sai ɗan abin da ba a rasa ba, mahaifina ya kai ni wurin Malam Tanko a Unguwa Uku. Ƙyaure muke yi, da tagogi, da gadon ƙarfe. Shekarar farko ban taɓa kan walda ba, aikina kankare tsatsa da shafa jan fenti da jan waya. Malam Tanko yana da ɗabi'a guda da take ba mu haushi. Ko mai gida ya zo da awon ƙofarsa ya rantse daidai ne, ba zai yanka ƙarfe ba sai ya hau kekensa ya je ya sa tef da hannunsa, sama da ƙasa da tsakiya. Yakan ce magini bai taɓa barin ƙofa a miƙe ba, kuma mai gida ba ya ganin karkatar gidansa. Mu da muke cikin rana muna jira, gani muke ɓata lokaci ne kawai.

Da na sami 'yanci na buɗe nawa shagon a Gyaɗi-Gyaɗi. Lokacin harkar fim na tashe, ofisoshinsu sun cika Titin Gidan Zu, taku kaɗan daga wurina. Farko sandar fitila suka fara kawo mini gyara. Daga nan wani ya ce yana son kyamara ta yi tafiya ba girgiza, na shimfiɗa masa fayif ɗin ruwa biyu na yi kujera mai boris a ƙasa. Wani ya ce yana son ta tashi sama ta leƙo tsakar gida, na yi masa doguwar sanda na rataya tsoffin ƙarafan birkin mota a gindinta. 'Yan fim ba sa zuwa da zane. Da hannu suke kwatance a iska, kuma kullum jiya suke son aikin.

Habu darakta ne, siriri, ba ya zama in yana magana. Wata rana ya zo ya ce yana da fim a kan wata uwa da ɗanta ɗan adaidaita sahu ya yi hatsari. An gaya mata a asibiti ya cika, ta fito ta kama hanyar gida a ƙasa, ba kuka, ba magana. Ya ce ba ya son mai kyamara ya riƙa binta, so yake kyamarar ta zama a jikinta tana kallon fuskarta, duniya ta riƙa lilo a baya kamar yadda take ji. Ya taɓa gani a wani fim na waje, bai san yadda aka yi ba.

Ga abin da samarin nan ba su sani ba. Ɗauki bokiti cike da ruwa ka rungume shi, za ka kai shi ƙarshen layi. Miƙa hannu ka riƙe shi nesa da jikinka, ba za ka kai ƙofar gida ba. Kyamarar wancan zamanin ba waya ba ce, da batirinta ta fi bulo nauyi, kuma dole ta tsaya nesa da fuska kamar tsawon hannu, in ba haka ba hanci kawai za a gani. Duk wannan nauyin yana jan mutum ya kifa. Sai ka sa wani nauyin a baya ya rama, nauyi ya zama biyu ke nan. Fayif ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne a wane ƙashi na jikin mutum za ka sauke wannan kaya.

Na fara da kaina. Na lanƙwasa faranti na ƙarfe ya kwanta a ƙirjina, wani a bayana, na fito da sanduna biyu gaba, na ɗaure bulo a madadin kyamara. Na je Ƙofar Ruwa na tsinto bel na matattun motoci. A baya na rataya jakar yashi. Da safe nakan ɗaura in zaga layinmu in ji inda yake cizo. Mai shayin bakin titi ya ce ashe haukan Iliya ya kai a sa shi a mari. Matan layi kuwa suka ce goyo nake yi ta gaba, sunan ya bi ƙarfen, har 'yan fim Goyo suke ce masa.

Rigar da ke riƙe farantan matata Rabi ce ta ɗinka. Tela ce, a gida take aiki. Ta haɗa tamfol da soson katifa, allurar kekenta na karyewa tana sakewa. Ranar da ta gama, na ɗaura ina taƙama a tsakar gida, ta zaga ni ta duba, ta tambayi wa zai sa. Na ce mace ce, dattijuwa. Ta ce to ai ƙirjin namiji na yi wa wannan.

Dattijuwar ita ce Hajiya Kulu. Ta daɗe a harkar, amma kullum ita ce maƙwabciyar da ke shigowa ta yi sallama ta fita, ko gwaggon da ke zaune a gefen tabarma. Da wannan ɗan abin take riƙe gida, mijinta ya rasu, ga jikoki. Wannan ne karo na farko da aka ba ta fim a kanta. Furodusan, mai zuba kuɗin fim ɗin, bai so ba. Shi so yake a ɗauko yarinya mai suna a shafa mata hoda a gira ta zama tsohuwa, don fuskarta ce ke sayar da faifai. Habu ya kafe. Da maganar Goyo ta taso, furodusan ya samu ƙofa. A gaban kowa, a ofis, ya ce tsohuwa ba za ta iya ɗaukar ƙarfe ba, in ta ce wash sau ɗaya a canja ta, a sake ɗaukar fim ɗin da yarinyar.

Hajiya tana zaune tana shan kunun aya. Ta ajiye robar ta ce, "Alhaji, na goyi 'ya'ya na goyi jikoki, wasu har da ƙashin tsiya irin naka. Ƙarfe ne zai gagare ni?"

Aka yi dariya, har shi. Amma kowa ya ji sharaɗin, ita ma ta ji.

Tef yana aljihuna a ranar. Sa'ar yayata ce, hajiya, cikin hijabi har ƙasa. Ta yaya zan ce ta miƙe in zagaya ta da tef? Ko a baki ma, yaya zan tambaye ta faɗin ƙirjinta? Na tsaya daga bakin ƙofa na auna ta da ido, ta cikin hijabi, na koma shago. Tunda faranti ba zai kwanta mata a ƙirji ba, na cire shi, na lanƙwasa ƙarafa biyu kamar ƙugiya su hau kafaɗa, na naɗe su da soso. Na gwada a jikina na ji daidai. Kafaɗata ta mai ɗaga ƙyaure ce.

Rabi ta ce in bari ta bi ni lokeshan, wurin ɗaukar fim ɗin, ta shiga ɗaki da Hajiya ta ɗaura mata, in akwai gyara ta yi da allurar hannu. Na ce a'a. Ina cin abinci da 'yan fim, amma ban so a ce an ga matata a cikinsu. Kun san bakin unguwa. Ta ce to ko gidan Hajiyar ta je ta auna ta. Na ce lokaci ya ƙure, jibi ne. Ta ci gaba da taka kekenta.

Wani lungu muka samu a Gyaɗi-Gyaɗi, bayan shagunan masu magani, mai tsawo, yana fita titi. Na miƙa Goyo ta bakin labule a wani gida da aka ara, na yi bayani daga waje: wannan bel ɗin a ƙugu, a ja shi sosai. Ta fito da hijabi a sama, mun tsaga shi ta gaba sandunan sun leƙo. Na ɗaura kyamara, na rataya yashi. Na ga ta ɗan yi ƙasa ta hagu, ta gyara tsayuwa. Na ce, daga nesa, Hajiya lafiya dai? Ta dubi furodusan da ke jingine da motarsa, ta ce lafiya lau.

Abin da ban gani ba, bel ɗin ƙugun a kan awona aka yanka shi. Ko ta ja shi har ƙarshe yana lilo. Bai ɗauki komai ba. Kyamara da yashi da ƙarfe duka suka sauka a ƙugiyoyin nan biyu, su kuma sun yi mata faɗi, ta hagun ta zame daga kan tsoka ta zauna a kan ƙashi.

Ɗaukar fim a lungun Kano ba a yinta sau ɗaya. An fara, mai adaidaita ya shigo yana hon. An sake, mai ruwa ya tsaya da kurarsa yana kallon kyamara yana washe baki. An sake, wata mata ta leƙo ta ce wa Hajiya sannu da aiki. Kowane karo sai ta koma farkon lungu ta taho. Cirewa da mayarwa na cin lokaci, rana na tafiya, don haka tsakanin ɗauka ba a sauke mata ba, nakan dai tallafe sandunan daga gaba, idona a ƙasa. Tun hantsi har aka yi kiran la'asar, sallar azahar kawai ta raba ta da shi.

A ɗauka ta ƙarshe lungun ya yi shiru don kansa. Muna biye da ita daga gefe ba ma ganin abin da kyamara ke gani. Sai da aka mayar a ƙaramin allo muka taru. Fuskarta ba ta motsi. Leɓenta na ƙasa kawai ke rawa, gumi na bin gefen hancinta, idanunta a buɗe ba sa kallon komai, kowane taku sai wani abu ya gifta a goshinta ta danne shi. A bayanta shaguna da mutane suna ta lilo. Habu ya rufe baki da hannu. Furodusan ya ce a ba Hajiya lemo mai sanyi. Ni kuwa aka riƙa dafa ni ana cewa Iliya ka gama da su.

Fim ya fita ya karɓu. Hajiya ta riƙe matsayinta, daga nan kuma duk wanda ke neman uwar da za ta yi baƙin ciki ita yake nema. Ni ma aka yi ta hayar Goyo, masu gudu, masu maye, masu mafarki.

Mai yi wa 'yan fim kwalliya ce ta gaya wa Rabi halin da kafaɗar Hajiya ke ciki, a gidan suna. Rabi ba ta tambaye ni ba, ta sa mayafi ta tafi gidan Hajiya a Unguwar Gano. Da ta dawo na tarar ta baje rigar Goyo a tabarma tana farke ɗinkin da reza. Ta ce ta ga kafaɗar. Fatar ta warke, amma hannun hagu ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, jikarta ce ke ɗaura mata ɗankwali. Ta je wurin mai ɗori a ɓoye, don kada labari ya kai ofis a ce ta gaza.

"Abin da kuka taru kuna yabo a allo," in ji Rabi, "ƙarfenka ne."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Muka sake Goyo daga tushe, kuma yawancin dabarar tata ce. Ta ce mace ba a kafaɗa take goyo ba, a ƙugu ne, in dubi yadda ake ɗaura majanyi. Muka yi ɗamara mai faɗi, mai tauri, sandunan suka tashi daga ƙugu. Abin kafaɗa ya zama na hana kifewa kawai, ba ƙarfe a ciki. Ta dawo da duk maɗauran gaba, yadda mace za ta ja da kanta ta sassauta da kanta. Daga ranar kuma in mace ce za ta ɗaura, Rabi na bayan babur ɗina. Takan shiga ɗaki da su ta rufe ƙofa, in ji suna dariya, ta fito ta ce a rage yashi ko a jira. Darakta ko ya ƙi ko ya so sai ya jira. Unguwa ta yi maganarta ta gaji.

Gidan Hajiya kuwa ban je ba. Kullum sai in ce sai an gama wannan aikin.

Sai shekarar da kasuwar faifai ta mutu. Ba rana ɗaya ta mutu ba, amma a shekara ɗaya muka gane. Mutane suka koma tura fim a waya. Ofisoshin Titin Gidan Zu suka riƙa zama shagunan waya da na kayan sawa. Habu ya sayar da abin da yake da shi ya koma garinsu noma. Waɗanda suka rage suka samu ƙananan kyamarori da wani abin hannu mai batir da ke hana girgiza, ba mai neman fayif da boris. Na wuni a shago ba wanda ya ce mini ko sandar fitila. A ƙarshen shekarar Rabi ta kwanta, ba ta tashi ba. Na bar Gyaɗi-Gyaɗi na kama wannan ɗan shagon, na koma ƙyaure da kurfoti. Yaran da na koya wa aiki duk sun kama adaidaita. Ni kaɗai nake buɗewa in rufe.

Nakan ga Hajiya a talabijin ɗin mai shayi. Ta tsufa, tana fitowa jefi-jefi. Mutane na kallon fuskarta, ni ina kallon hannun hagu. Kullum yana cikin hijabi, ko a kan cinya. In za ta yi addu'a a fim, hannu ɗaya ke tashi sosai, ɗayan ya tsaya a hanya.

Bara wata ma'aikaciyar jinya, Sista Hauwa, ta zo in yi mata ƙarfen taga. Tana jira ta hango Goyo a bango, ta ce ko wannan ne ƙarfen da mai gidan da take haya ke ba su labari. Ashe ɗaki take haya a gidan Hajiya Kulu. Na ce zan kawo tagar da kaina.

A zaure aka shimfiɗa mini tabarma, Hajiya ta zauna daga bakin ƙofar ciki. Ta yi mini ta'aziyyar Rabi, shekaru bayan rasuwar, ta ce mace ce mai hannu. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce da tef a aljihuna ranar, ban fito da shi ba.

Ta yi dariya. "Malam Iliya, da ka tambaye ni sau goma, sau goma zan ce maka lafiya lau. Ga Alhaji tsaye yana jira in ce wash? Fim ɗin nan shi ya aurar mini da jikoki biyu."

Na ce duk da haka.

"Duk da haka," ta ce, ta daina dariyar. "Da matarka ka kawo, ba sai na yi magana ba. Ɗaga hijabin kawai za ta yi ta gani."

Can ta ce ta yafe, amma tunda na zo da ƙafata ba zan tafi haka ba. 'Yarta na aure a Legas, kullum sai ta kira ta a waya ta hoto don ta ga yara. Hannun dama ya gaji da riƙo, na hagu ba ya kaiwa, sai 'yar ta yi ta cewa Inna rufin ɗaki muke gani. Ta ce tunda na iya sa kyamara ta kalli fuskar mutum, in yi mata ƙarami.

Na fito da tef na miƙa wa Sista Hauwa. Suka shiga ciki, ni ina zaure ina faɗa ta bayan labule: ƙugu, a zaune ba a tsaye ba. Daga ƙugu zuwa haɓa. Ta duba inda fata ta yi laushi, ta danna ta ga inda Hajiya ke yamutsa fuska, kada ta tambaye ta. Ina ji Hajiya na cewa yau ga tela ya zo da makanta.

Da siririn alminiyan na yi shi, ba nauyi. Ɗamarar kuwa na yanko ta daga rigar Goyo, ɗinkin Rabi, don ban san wanda zai yi mini irinsa ba. Na kai, Sista ta ce yana taɓa haƙarƙari, na dawo da shi. Na sake kaiwa, wayar ta yi ƙasa, na sake dawowa. Ranar da ya zauna ina zaure na ji an kira Legas, na ji yara na ihu ga Inna ga Inna. Sista ta leƙo ta ce hannayenta biyu na kan cinya, tana ɓare musu gyaɗa suna kallo.

"Malam Iliya," Hajiya ta ɗaga murya daga ciki, "wannan bai ciji ba."

Na ce Sista ta duba dai. Ta koma, ta daɗe, ta fito ta ce gaskiya ne.

Samarin nan sun dawo ranar Laraba. Na ce zan yi musu, amma su kawo yarinyar tare da wata babbar mace, yayarta ko innarta, wadda za ta auna ta a nan bayan shago, kuma ta bi su ranar ɗauka. Mai gyaɗar ya ce Baba abin ai na minti biyu ne, waya ce ba ta da nauyi. Na ce na ji. Suka ce za su yi shawara.

Juma'ar ta wuce. Tef ɗin na nan a ƙusa, kusa da abin da ya rage na Goyo, ban yanka ƙarfen ba tukuna.